Abin da Ke Bin Matan Gidanmu

Tun da na dawo daga Abidjan ban huta da tambaya ba. A Islamiyya, a gidan suna, har a bakin injin niƙa sai an tare ni: "Malama Hauwa, yaya kika baro mai jiki? Wai da gaske ne kin ƙi tahowa da ita?" Na gaji da ba da labarin gutsi-gutsi, kowa ya tafi da nasa gutsuren ya ƙara masa gishiri. Shi ya sa na ce bari in zauna in faɗe shi gaba ɗaya. Wanda ya zo jin labarin dogayen benaye da bakin teku ya yi haƙuri, ba buɗe ido ya kai ni ba, jinya na je.

Mu biyar Innarmu ta haifa, maza uku, sai ni da ƙanwata Saude. Aure ne ya kai Saude Abidjan fiye da shekara ashirin da suka wuce, inda mijinta Alhaji Sabi'u yake shigo da kayan gini. Innarmu ta rasu ne bayan doguwar jinya: gaɓoɓi su kumbura, zazzaɓi ya tafi ya dawo, daga ƙarshe jiki duk ya hau. Ƙanwarta kuma ta yi ta fama da maƙoƙo da rawar hannu. Mazan gidan kuwa garau. Saboda haka magana ta zauna a dangi cewa akwai abin da ke bin matan gidanmu ta wajen uwa. Wasu su ce baki aka yi wa kakarmu, wasu su ce iska ce. Ni da na tsufa ina koyarwa a firamare, a baki musun zancen nake yi, amma duk ranar da 'yata ta ce gwiwarta na ciwo sai gabana ya faɗi.

Da labari ya zo cewa Saude ta kwanta, babban wanmu, Yaya Muntari, ya kira ni zaurensa. Ya turo min wani ƙunshi na garin saiwoyi da sassaƙe, ya ce, "Ki je ki fara ba ta wannan, sannan ki taho mana da ita. Wannan ba ciwon asibiti ba ne, kin sani, na sani."

Na ce to. Ban taɓa ƙetare maganarsa ba.

Daga Kano na hau babbar bas zuwa Legas. A tashar da ake shiga motar Abidjan Allah Ya haɗa ni da Hajiya Ladi, wata Basakkwaciya mai fataucin goro, wadda ta san hanyar kamar tafin hannunta. Tana ganin yadda na rungume jaka ta ce, "Ke baƙuwa ce. Zauna kusa da ni. Fasfo da katin rigakafi su zauna a jikinki, kuma kar ki yi musu da kowa da yaren da ba kya ji."

Ƙasashen hanyar nan kamar ɗakunan gida ɗaya suke. Kafin ka gama miƙe ƙafa an ce a sauko, an zo wata iyaka. Binin Faransanci, Togo Faransanci, Gana a koma Ingilishi, kuɗi ma ya sake kama. A ɗaya daga cikin iyakokin wata jami'a ta buɗe jakata, ta ci karo da ƙunshin Yaya Muntari. Ta shinshina garin, ta ɗaure fuska, ta yi wata doguwar magana.

"Ta ce mene ne wannan," in ji Hajiya Ladi.

"Magani ne."

"Ta ce in magani ne ki sha ta gani."

Na dangwala yatsa na lasa. Ban taɓa jin ɗaci irin wannan ba, maɗaci ma albarka. Hawaye suka zubo min, na kama tari a gaban jama'a. Jami'ar ta tuntsure da dariya, ta ɗaure ƙunshin da hannunta ta miƙo min. Da muka koma mota Hajiya Ladi ta ba ni goro in kashe ɗacin, ta ce, "Ke mai lafiya ke nan. Allah Ya ji ƙan wadda za ta sha cokali guda." Na yi dariya, amma maganar ta zauna min.

A Gana muka kwana, a wani zango kusa da iyakar ƙarshe, gidan wata dattijuwa da ke saukar da fatake mata. Da safe ta leƙo ɗakin ta dube ni ta ce, "Kai, ka tashi? Zo ka ci abinci." Na waiga ina neman namijin da take yi wa magana. Ashe Hausarsu ce haka, ba ta raba mace da namiji, kowa "kai" ne. Ta ba mu shinkafa da wake da aka dafa da karan dawa har suka yi ja, da yaji baƙi ƙirin mai kifi a ciki. Ta ji inda za ni da abin da zai kai ni, ta riƙe hannuna ta daɗe tana addu'a, tana cewa Allah Ya ba "shi" lafiya. Na amsa da amin, ban gyara mata ba.

A Adjamé, wata unguwar kasuwa a Abidjan, muka sauka, rana tsaka. Na san Kantin Kwari, na san Kurmi, amma wannan kasuwa ta fi ƙarfin idona. Masu amalanke suna ihu a ba su hanya, ƙananan motocin haya da suke kira baka suna kutsawa cikin mutane, atamfa jibge kamar ganuwa, ƙamshin goro da ƙarnin kifi sun gauraya. Ina tsaye ina rarraba ido sai wata doguwar budurwa mai wando da ɗankwali ta rungume ni, ta manna kumatunta a nawa, dama da hagu.

"Tanti! Kin zo da lafiya?"

Nafisa ce, 'yar Saude ta fari, wadda rabona da ita tun tana goye. Yanzu ta gama karatu tana aikin ofis. A gida da durƙusawa za ta yi ta ce Inna. Na so in ji haushi, sai na ga idonta ya yi ja, na san ta daɗe ba ta yi barcin kirki ba. Hausarta tana ɗingishi, rabi Faransanci. Muna tafiya ta ce, "Tanti, kina jin yunwa? Za ki ci garba?"

Na tsaya cak. "Wane Garban?"

Ta yi dariya har ta dafa bango. Ashe abinci ne, garin rogo da aka turara kamar dambu, da soyayyen kifi da attarugu. Ta ce ana faɗin Hausawan Nijar ne suka yi suna wajen sayar da shi, shi ya sa ya ci sunan. Daga baya ta gaya min rabonta da dariya tun kafin uwarta ta kwanta.

Su Saude suna zaune ne a rukunin benayen da ake kira 220 Logements, kowa da ƙofarsa, wannan Kirista, wancan ɗan ƙabilar Jula, wancan daga wata ƙasa. A wurinmu ɗakin mara lafiya cika yake yi da 'yan dubiya har a rasa wurin sa ƙafa. Su kuwa sai maƙwabciya ta ƙwanƙwasa, ta tsaya a bakin ƙofa ta ce "yako", wato sannu, ta miƙo kwanon abinci ta juya. Da farko na ɗauka rashin zumunci ne. Da na ga yadda hayaniya ke gajiyar da Saude, na daina cewa haka.

Ɗakinta duhu, an saki labule, domin rana tana tayar mata da ciwon. Da idona ya saba da duhun, sai na gan ta. Fuska ta kumbura, wani baƙin tabo ya hau karan hanci ya bazu kan kumatu biyu kamar fukafukan malam-buɗe-littafi. Gashin nan nata da ake misali da shi ya zube, saura tsilli-tsilli. Yatsu sun ƙi lanƙwasuwa. Innarmu na gani kwance.

"Yaya, kar ki yi kuka," ta ce. "Na riga na yi mana na mu biyu."

Alhaji Sabi'u ya dawo da la'asar, ya rame shi ma. Na gaya masa saƙon Yaya Muntari ba ɓoye-ɓoye. Ya ce, "Yaya Hauwa, likitoci sun ce sunan ciwon lupus, kuma ya fara taɓa ƙoda. In ta ce za ta bi ki, wallahi ba zan hana ba. Abu ɗaya nake roƙo: kar a ba ta komai tukuna. Ki raka ta asibiti, ki ji da kunnenki."

Na juya wajen Saude. Ta ce, "Ni ban sani ba, Yaya. In abin gidanmu ne, ai gara ya same ni a gida."

Ranar ganin likita muka ɗauki tasi mai ruwan lemo zuwa asibitin da ke unguwar Treichville, muka haye wata doguwar gada a kan ruwa. Saude ta lulluɓe har fuska, Nafisa na riƙe da laima. Abin da na tarar a zauren jira shi ya fara girgiza ni, tun kafin kowa ya ce min uffan. Mata ne cike da bencina: 'yan mata, masu goyo, tsofaffi, masu hijabi, masu gicciye a wuya. Namiji ɗaya tal na gani mai jiran layi, ya takure a gefe. Na ce a raina, duk waɗannan kakarmu ce ta haife su? Wata mata da ke kusa da Saude ta dubi hannunta, sai ta zaro nata daga cikin zani ta ajiye kusa da shi. Kumburi iri ɗaya. Ba mai jin yaren wata, suka zauna haka hannu kusa da hannu har aka kira mu.

Likitar mace ce, ta manyanta, tabarau na rataye a wuyanta. Ta duba Saude, ta duba sakamakon gwajin jini da na fitsari, ta ce ƙodar ba ta ƙara lalacewa ba, amma ba a fita daji ba. Da ta gama na ce wa Nafisa, "Tambaye ta, me ya sa mata? Gidanmu mata yake bi, waje ma ga mata cike."

Likitar ta ajiye biro, ta gyara zama. Ta ce wannan tambaya har yanzu masana ba su gama amsa ta ba, amma za ta faɗa min abin da aka gano. Ta zana alamu biyu a takarda.

"Ta ce wannan iks ne, wannan igirek," in ji Nafisa.

Na leƙa, ashe X da Y ne, waɗanda na tsufa ina rubutawa a allo.

"Ta ce a cikin kowace... Tanti, ƙananan abin nan da aka gina jiki da su?"

"Ƙwayoyin jiki."

"Yawwa. A cikin kowace akwai wasu abu kamar zare, a jikinsu aka rubuta duk abin da mutum ya gada. Biyu a cikinsu su ke raba mace da namiji. Namiji X da Y. Mace X biyu."

Haka muka yi ta yi, likita ta faɗa, Nafisa ta lalubo Hausa, ni in cike mata. Ga abin da na fahimta. Jiki yana da sojojinsa a cikin jini, masu yaƙar cuta. Da yawa daga umarnin da sojojin nan ke aiki da shi a jikin X yake rubuce. Tun mace tana cikin uwarta, jikinta yakan naɗe X ɗaya a kowace ƙwaya ya rufe masa baki, don kada umarni ya zo ninki biyu. To amma rufewar ba ta cika cif. Wasu umarnin sukan zille, sai sojan ya ji abu ɗaya daga baki biyu, ya fi na namiji saurin zabura. Wannan yana da amfaninsa: mata sun fi maza ƙarfin ture wasu cututtuka, rigakafi ma ya fi kama jikinsu. Amma mai gadin da ya cika zabura, wata rana ɗan gida zai sara. Sojojin Saude sun juya ne kan fatarta da gaɓoɓinta da ƙodarta.

Likitar ta ce ba X kaɗai ba ne. Akwai sinadaran jikin mace na haihuwa, akwai zafin rana, akwai wasu cututtuka da kan tsokano shi, akwai sauran gado. Maza ma yana kama su, sai dai ba su da yawa. Ta ƙara da cewa akwai mazan da ake haifa da X biyu da Y, kuma ciwon ya fi samun su a kan sauran maza, wannan na cikin abin da ya sa masana suka sa wa X ido.

Na ce, "To X biyun nan, duk daga uwa suke?"

Likitar ba ta jira Nafisa ta gama fassara ba ta girgiza kai. Ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Uba ba ya haifar 'ya mace sai ya ba ta nasa X. Sauran gadon da ke sa ciwon ya yi sauƙin kama mutum shi ma ta kowane ɓangare yana iya zuwa.

Na ba ta labarin Innarmu da ƙanwarta. Ta ce ba za ta yanke hukunci a kan wadda ba ta gani ba, amma alamun sun yi kama, kuma wani nau'in maƙoƙon ma ɗan wannan dangi ne. Na fito da ƙunshin Yaya Muntari na nuna mata. Ba ta raina shi ba. Ta ce ba ta san abin da ke ciki ba, ƙodar Saude kuma ba ta da ƙarfin gwaji, kuma in aka yanke maganin da take sha aka kama doguwar hanya, tana tsoron abin da zai biyo baya. "Addu'a kuwa," in ji Nafisa, "ta ce ku yi ta yi, ku sa da ita."

Har mun miƙe, Nafisa ta yi wata tambaya da Faransanci, muryarta ƙasa-ƙasa. Likitar ta dube ta da kyau, ta amsa a hankali. Wannan ba a fassara min ba.

Muka kamo hanyar gida a tasi, muka hau gada. Saude na kallon ruwa ta cikin mayafi ta ce, "Yaya, sau nawa ana yi min bayanin nan, ban taɓa ji da Hausa ba sai yau." Sannan ta ce, "Inna ta rasu tana zaton wani ne ya ƙi ta. Har ta daina cin abincin maƙwabta. Ina ma ta samu wanda zai ce mata ba kowa ba ne."

Direban ya dube mu ta madubi, ya ga mata uku suna hawaye, ya rage rediyo ya ce, "Yako."

Da Saude ta kwanta hutawa na sami Nafisa a kicin. Na ce, "Me kika tambaye ta?"

Ta ci gaba da yanka albasa. "Na ce ko ni ma."

"Ta ce me?"

"Ta ce nawa ya ɗan fi na sauran mutane kusa, amma yawancin 'ya'yan masu ciwon ba sa yin sa. In na ga alama in zo da wuri." Ta share ido da bayan hannu. "Tanti, tun ina ƙarama nake ji a waya ana cewa yana bin mata. Kullum da safe sai na duba fuskata."

Na karɓi wuƙar na ajiye, na jawo ta jikina. Ni ma tambayar da ke bakina ke nan saboda tawa 'yar, na rasa ƙarfin yin ta.

Washegari da hantsi na kira Yaya Muntari. Na ce ba zan taho da Saude ba, kuma ban ba ta maganin ba. Ya yi faɗa sosai, ya ce na je an juya min kai, ya ce in wani abu ya same ta a can ni zan amsa. Na bar shi ya gama. Sannan na gaya masa abin da na gani a zauren jira, na gaya masa zancen X, na ce, "Yaya, ba ta wajen Inna kaɗai mace ke gado ba. Ni da Saude akwai na Baba a jikinmu. 'Ya'yanka mata ma kowacce akwai naka a jikinta. In baki ne, wa aka yi wa?"

Can ya ce, "Tana iya cin abinci?"

"Kaɗan-kaɗan."

"Ba ni ita."

Ban san abin da suka ce ba, don fita na yi. Har yau bai ce ya yarda ba, amma bai sake cewa a kawo ta ba.

Na zauna da su har wata ya juya. Na koyi hanyar kasuwa, na gano layin da Hausawa ke sayar da kuka da daddawa, bayan na ɓata sau ɗaya wata mai sayar da agada ta rako ni har gindin bene. Ina yi mata tuwo da miya ba gishiri sosai, tana ci tana tsaki. Wata rana ta tashi har ta zauna a falo tana tsokanar Alhaji, wata rana kuma ko kofi ba ta iya riƙewa. Likita ta riga ta gaya mana ciwon ba a warkewa daga shi ɗungurungum, lallaɓa shi ake yi, ya kwanta ya tashi.

Ana gobe zan tafi ta ce, "Yaya, yi min kitso."

Na dubi kan, na rasa ta inda zan kama. Ta ce, "Abin da ya saura shi za ki kitsa." Ta zauna a ƙasa tsakanin gwiwoyina kamar lokacin da nake shirya ta zuwa makaranta. Na shafa man kwakwa, na ajiye kibiya na yi tsaga da yatsa don kada in ji mata ciwo. 'Yan siraran layuka suka fita, fatar kai na leƙowa tsakaninsu. Tana zaune ta ce, "In ta Allah ta kasance a nan, a bar ni a nan. Kar a wahalar da kowa da hanyar nan, kin dai gan ta."

Na ce, "Ki daina motsa kai, kina ɓata min tsaga."

Da na gama ta sa Nafisa ta kawo madubi. Ta daɗe tana kallo, ta juya dama, ta juya hagu, ta ce, "Hannunki bai mutu ba."

Da safe ba ta iya raka ni tasha ba saboda rana. Ta sauko har ƙasan bene da taimakon Alhaji, ta tsaya daga cikin inuwar matattakala, daidai inda hasken ya tsaya, ta ɗaga min hannu. Haka na baro ta.

Masu tambaya, ga amsarku: Saude na nan da rai, tana shan maganinta, yau da sauƙi gobe da nauyi. Wanda ya karanta wannan ya sa ta a addu'a, ya haɗa da matan da na gani a bencinan Treichville, waɗanda ban san sunan ko ɗaya ba. Shekaranjiya ta kira ni tana ƙorafi, wai kitson ya tsufa, sabon gashi ya fara tsirowa ta ƙarƙashinsa yana yi mata ƙaiƙayi, kuma ta ƙi yarda kowa ya tsefe mata.

Na ce ta bar shi haka, ina zuwa.